Gwangwanin Hagu

A unguwar Rikkos ta Jos, can inda gidaje ke gangarawa zuwa rafin Dilimi, akwai wani gida mai shingen ƙerana wanda in hadari ya taso daga kan duwatsu shi yake fara jin sanyinsa. A nan Usumanu Katafila yake kwance. Ba a banza ya sami sunan ba. Lokacin da kamfanonin kuza ke da ƙarfinsu, shi kaɗai yakan ture dutsen da leburori ke taruwa a kansa suna waƙa. To, a shekarun da sojoji ke shirin miƙa mulki, kamfanonin suka fara tattara kayansu, shi kuma wata safiya ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce masa, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu ya bar shi da na dama.

Abin mamakin cutar nan, ta cinye masa tafiya, ta cinye rabin maganarsa, amma ba ta taɓa nauyinsa ba. Yana nan ƙato kamar buhunan dawa da aka jera a kan gado. Kuma dole a ɗaga shi, a kai shi bayi, a yi masa wanka, a fito da shi tsakar gida ya sha hantsi. Matarsa Jummare ba ta iyawa. Ɗansu na fari, Ishaku, ya tasa, gashin baki ya fara tsiro masa, amma siriri ne kamar karan dawa, in ya cire riga ana ganin haƙarƙarinsa tun daga zaure. Sauran yaran gidan mata ne ƙanana.

Mai ɗaga Usumanu shi ne maƙwabcinsu Pam, wani Birom ma'aikacin reluwe, wanda ubansa ya yi aiki rami ɗaya da Usumanu. Kullum da safe kafin ya tafi aiki zai shigo, ya ce, "Baba Katafila, jirgi ya iso," ya sunkuce shi kamar jariri. Da yamma ma haka. Sai aka yi wa Pam canjin wurin aiki zuwa Kafancan.

Labari ya kai wa ƙanen Usumanu, Baffa Shu'aibu, mai fataucin shanu, ya zo daga ƙauyensu na ƙasar Ningi. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon yayansa.

"Yaya, in Pam ya tafi wa zai ɗauke ka? Gida zan kai ka. Can akwai samari majiya ƙarfi."

Usumanu ya bar ƙauyen nan tun yana saurayi, lokacin da ake kwasar mutane aikin kuza na tilas. Waɗanda ya sani a can duk sun kwanta dama. Ya san ɗakin da za a ajiye shi, na bayan rumbu, kuma ya san Jummare ba za ta iya barin yara da 'yar sana'arta ta ƙosai ta bi shi ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalma ta fito.

"Nan," ya ce, yana bugun gado da hannun dama. "Nan."

"Zan iya ɗaukarsa, Baffa," in ji Ishaku daga bakin ƙofa.

Baffa ya juyo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai? Kai da iskar Jos ke neman ɗauka? To, na ji. Zan dawo bayan Sallah. In na tarar kana ɗaga shi, shi ke nan. In kuwa na tarar ana jan ɗan'uwana a tabarma kamar mushe, da mota zan zo."

Ishaku ya tafi wurin Pam, wanda ke ɗaure kayansa, ya ce ya koya masa yadda ake ƙarfi. Pam ya yi dariya har ya zauna a kan akwati. Da ya ga yaron ba wasa yake ba, ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon bututun ƙarfe da manyan gwangwanayen fenti biyu.

"Ka kwaɓa siminti da yashi, ka cika wannan, ka soka ƙarfe a tsakiya. In ya bushe ka yi ɗayan. Amma ka ji ni, Isiyaku, kaɗan kaɗan. Ka yi yau, gobe ka huta. Ka ci wake, ka ci gyaɗa, in Inna ya samu nono ka sha. Nama ba ya fitowa lokacin ɗagawa, lokacin barci yake fitowa."

"Yaushe zan zama kamarka?"

"Kamar ni? Sai ka sake uwa." Ya daki kafaɗarsa. "Kuma hannun hagu zai ba ka wahala. Kowa haka ne, hagu malalaci ne. Kada ka ji tausayinsa."

Washegari Pam ya tafi.

Ishaku ya roƙi ragowar siminti a wurin wasu magina, ya kwashi yashin da ya rage a gindin katangarsu, ya cika gwangwani na farko. Da ya zo yin na biyu yashi ya ƙare. Sai ya ɗauki bokiti ya gangara rafi, inda mata ke wankin kuza da ƙwarya. A gefensu akwai tsibin baƙin yashi mai ragowar kuza da suke zubarwa in sun gama tacewa, mai laushi, mai ƙyalli in rana ta doke shi, kamar an daka taurari an watsar. Ya ga ya fi kowane yashi kyau. Bokitin ya yi masa nauyi a hanya, ya ce a ransa ai jiƙaƙƙe ne. Uban da zai gaya masa yana kwance ba baki. Shi kuwa an haife shi a garin kuza amma bai taɓa riƙe ƙwaryar wanki ba, bai san cewa yashin nan ya kusa ninka yashin gini nauyi ba. Da simintin ya bushe, gwangwanayen biyu suka fito kamar tagwaye, ba mai bambanta su da ido.

A bayan ɗaki, tsakanin bango da shingen ƙerana, ya kafa gwafa biyu ya ɗora ƙarfen, ya sa wani katako a ƙasa ya zama benci. Wurin matsattse ne, ba damar juyawa. In zai kwanta, kansa wajen bango. In zai tsaya, bayansa wajen bango. Saboda haka gwangwanin baƙin yashi kullum a hagunsa yake.

Ranar farko ƙarfen ya karkace tun kafin ya bar gwafa. Hannun dama ya miƙe, na hagu ya tsaya a rabi yana rawa. Ishaku ya tuna maganar Pam, ya cije leɓe, ya tura. A kan bangon akwai wani ƙadangare mai jan kai da ke zuwa shan rana, yana dafa hannuwa yana ɗaga ƙirji yana saukewa ba gajiya. Ishaku ya ɗauke shi abokin aiki. In ƙadangaren ya ɗaga, shi ma ya ɗaga. Wani lokaci yakan ce masa, "Kai wa kake shirin ɗauka?"

Batun hutu kuwa ya watsar. Sallah na matsowa, ina shi ina hutu? Safe ya ɗaga, rana ya ɗaga, la'asar ya ɗaga. Jummare, wadda ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne, takan ture masa nata rabon waken ta ce, "Kai, cinye, ni na ƙoshi." In Fulani sun shigo da tallan nono ta ba su ƙosai su ba ta ludayi biyu. A tsakanin nan su biyu suke fama da Usumanu, ita ta kama ƙafafu, shi ya kama hammata, su sauke shi a tabarma su ja. Usumanu yakan rufe ido har a gama.

Da damina ta yi nisa, jikin ya fara amsawa. Ishaku ya tsaya a bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, kore shar, inda wani injin haƙa ya nutse ya bar wuyansa a sama kamar raƙumi mai neman ceto. Ya cire riga ya duba kansa a ruwan. Ƙirji ya ɗan buɗe, damtse ya fara tasowa. Sai dai mutumin cikin ruwan a karkace yake tsaye, kafaɗa ɗaya ta ɗage sama zuwa kunne. Ya ce iska ce ke kaɗa ruwan.

Ciwon ya fara daga cikin kafaɗar hagu, kamar an soka masa tsinke. Daga nan ya sauko gwiwar hannu. Wata safiya ya tashi ya ji yatsunsa biyu sun yi sanyi, kamar tururuwa na yawo a cikinsu. Ya ɗauki buta zai yi alwala, ta suɓuce ta zube.

Ya tsaya yana kallon ruwan na bin ƙasa. Haka ta fara wa Baba. Buta, da hagu.

Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Innar da ke da mai shanyewar jiki ɗaya a ɗaki? Ya riƙa zama yana kallon hannun ubansa da ke kwance a kan cinya kamar kifin da aka fitar daga ruwa, sannan ya kalli nasa. In yana tafiya ya riƙa taɓa gefen bakinsa ya ji ko ya fara karkacewa. A masallaci yakan kasa ɗaga hannun zuwa kunne wajen kabbara, sai ya fake da mayafi. Ya ji tsofaffi na cewa irin wannan cuta tana bin jini. Sai ya yanke wa kansa shawara cewa in ya ƙara wa hannun aiki, jinin zai motsa, cutar ba za ta sami wurin zama ba. Ya koma bayan ɗaki yana ɗaga ƙarfen yana hawaye, hagun na ƙara nutsewa, shi kuma yana zaginsa.

Ana saura kaɗan Sallah, wata safiya mai yayyafi, ya ce wa Jummare ta matsa.

"Yau ni kaɗai zan ɗauke shi, Inna."

"Kai, bari dai mu kama tare."

"Baffa ba zai ce mu kama tare ba."

Ya sa hannun dama ƙarƙashin gwiwoyin uban, na hagu a bayansa, yadda ya ga Pam yana yi. Ya yi bisimilla ya ɗaga. Kuma ya ɗagu! Usumanu ya bar gado, idonsa ya buɗe, har gefen bakinsa mai rai ya fara murmushi. Ishaku ya taka zuwa ƙofa. A bakin ƙofar wani abu ya yi ƙara a kafaɗarsa, kamar an karya ɗanyen kara, hannun ya saki. Usumanu ya faɗi a karkace, kansa ya bugi dokin ƙofa.

Jummare ta yi salati. Jini kaɗan ne, goshi ne ya fashe ta gefe, amma ƙarar da tsohon ya yi ba ta mutum ba ce, ta sa yaran suka fashe da kuka. Da ƙyar suka ja shi zuwa tabarmar tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Ishaku ya zauna a ƙasa, hannun na lilo a gefensa.

"Inna, ta kama ni," ya ce. "Cutar Baba. Ta daɗe da kama ni. Hannun ya mutu."

Jummare ta dube shi, ta dubi mijinta. Ba ta yi kuka ba. Fushi ne ya zo mata, kuma ba ta sami wanda za ta sauke wa ba sai ƙarfen.

"Tun da wannan tsinannen abu ya shigo gidan nan ban ga alheri ba. Yau sai ya kwana a rafi."

Ta zagaya bayan ɗaki. Mace ce da ta saba ɗaukar itace da tulu, ta san a tsakiya ake kama dogon kaya. Ta kama bututun a tsakiya ta ɗaga daga gwafa, sai gefe ɗaya ya nutse ƙasa da ƙarfi har ya kusa fizge ta, ɗayan ya yi sama. Ta gyara riƙo, ta sake. Haka dai. Ta jawo shi a ƙasa har tsakar gida.

"Kai, me ka zuba a cikin wannan?"

"Siminti da yashi."

"Ɗayan fa?"

"Shi ma haka."

"Ƙarya ne. Wannan uwar wancan ce a nauyi."

Usumanu ya yi gurnani yana nuna taɓarya da hannun dama. Jummare ta gane. Ta ɗauko gatari maimakon taɓaryar, ta sari gwangwanin har ya tsage, ta fasa gefen simintin. Cikinsa baƙi ne, yana ƙyalli. Ta sa wa mijinta gutsure a tafin hannu. Ya jinjina shi sama da ƙasa, yadda ya jinjina irinsa shekara da shekaru. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Ishaku ya zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba a ji daga bakinsa ba tun da ya kwanta, karkatacciya, da jini a goshi.

"Ku...za," ya ce. Ya nuna ɗansa da gutsuren. "Wa...wa."

Ishaku ya ja jiki ya ɗaga gwangwanin dama da hannunsa mai lafiya, ya ajiye, ya gwada na hagu. Ya daɗe a tsugune. Ashe duk daminar nan hannun da yake zagi shi ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Ba cuta ba ce. Ya kamata ya ji daɗi, ya kuma ji, na ɗan lokaci, kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sai ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun, ya ƙi tashi.

Maɗorin unguwa ya duba ya ce ƙashi bai karye ba, jijiya ce ta yage. Ya shafa magani, ya ɗaure hannun a ƙirji da tsumma, ya ce ko tulu kada ya ɗauka sai bayan kaka.

Sallah ta zo ta wuce. Baffa Shu'aibu ya iso da rana tsaka, kuma bai jira ya ga komai ba, da motar ya zo, wata akori-kura da aka shimfiɗa wa katifa a baya. Ya shigo ya ga tabon goshin yayansa, ya ga hannun Ishaku a ɗaure, ya ga sawun tabarma a ƙasa daga ƙofar ɗaki zuwa bayi.

"Sannu, Sarkin Ƙarfi," ya ce. "Kai aka ce za ka yi jinya, ga shi kai ma sai an yi jinyarka. Jummare, haɗa masa kayansa."

"Baffa, ka ƙara mini lokaci."

"Lokacin da za ka ƙarasa shi? Ka ga goshinsa kuwa? Ni ba mugunta nake ba, yaro. Uwa ɗaya ta haife mu. In kana iyawa, ga shi nan, ɗauke shi in gani. Kai shi bayi ka dawo da shi, in sallami direba."

Ishaku ya durƙusa a gefen gado. Ya sa hannun dama ƙarƙashin uban ya ja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar Katafila. Ya sake gwadawa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Baffa ya kawar da kai.

Jummare, wadda ta buɗe akwati don haɗa kaya, ta tsaya da wani zani a hannu, saƙi mai kauri. Ta dube shi, ta dubi bayan ɗanta.

"Kai, juya. Ba shi baya."

Ta ce wa Baffa ya taimaka a zaunar da Usumanu a bakin gado. Baffa ya yi, bai san abin da take nufi ba. Da ta ware zanin ta zagaya da shi bayan mijinta, sai kowa ya gane. Usumanu ma ya gane.

"A'a," ya ce. Kalmar ta fito sarai, ba gargada.

"Haba, Jummare," in ji Baffa. "Goyo? Namiji mai gemu, a gaban 'ya'yansa mata? Gara mota."

"Ba da kai nake ba." Ta sunkuya daidai fuskar mijinta. "Malam, ni ban da wata dabara. Ko wannan, ko katifar da ke waje. Kai za ka zaɓa."

Ana jin direba a waje yana wasa da yara. Ishaku na durƙushe da bayansa ga ubansa, ba ya ganin fuskarsa, numfashinsa kawai yake ji a ƙeyarsa, mai nauyi, yana shiga yana fita. Ya tuna mutumin da ke dawowa daga rami da jar ƙasa har gira, yara na rataye a damtsensa. Ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai hannun dama na Usumanu ya taso a hankali, ya zagayo wuyansa, ya kama rigarsa ta gaba.

Jummare ta ɗaure zanin a ƙirjin ɗanta, sama da hannun da ke ciwo, ta ƙara majanyi a ƙugu ta tamke. Ishaku ya dafa gado da dama, ya tattara ƙafafunsa. Zafin kafaɗa ya hau masa har ido. Amma ya miƙe. Ƙafafun tsohon na jan ƙasa ta baya, don ya fi ɗansa tsawo. Suka fita tsakar gida. 'Yan matan suka ruga ɗaki da kansu ba wanda ya kore su. Ya kai shi bayi, Jummare ta bi su ta sakaya. Da suka dawo ya juya ya zauna a bakin gado a hankali, aka kwance zanin.

Baffa Shu'aibu na tsaye inda aka bar shi. Ya cire hula ya share fuska da ita.

"Yaya," ya ce. Usumanu bai dube shi ba, bango yake kallo. Baffa ya mayar da hularsa. "To. Zan leƙo in na kawo shanu Bukuru. In abin ya gagara, ku aiko."

Aka ji motar ta tashi ba kowa a katifar.

Ranar nan Usumanu bai ci abinci ba, bai kalli kowa ba. Da Ishaku ya kawo masa ruwa ya juyar da kai. Yaron ya fita ya zauna a zaure, kafaɗa na zogi, bai san ko ceton ubansa ya yi ko wulaƙanta shi ba.

Washegari da hantsi rana ta fito bayan ruwan asuba, tsakar gida na tururi. Ishaku ya shiga gaida uban, ya tsuguna nesa da gado. Usumanu ya daɗe yana kallon hasken da ke shigowa ta ƙofa. Bakinsa ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Bai dubi ɗansa ba.

"Za...ni," ya ce.

Ishaku ya tashi ya kira Inna ta kawo zanin.